Jar Waya a Rami na Biyu

Jidda, 9 ga Rajab

Zuwa ga ɗiyata Ruqaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya. Ni dai alhamdu lillahi, sai gwiwar hagu da ke yi mini tsiya in na daɗe a tsaye. Ki gaida uwarki, yayata Fatsuma, ki ce mata ta rage gishiri kamar yadda likita ya ce. Ki gaida babanki Sambo. Rawar hannun nan tasa ta yi sauƙi? Na yi murna da kuka koma Hillat Dabo bayan gudun hijira kuka tarar da bangon warsha, shagon aikin babanki, a tsaye, ko da an kwashe ƙofofi.

Ga kwali nan na ba Alhasan da ya zo umara. Kin ce ke da babanki kun gama harhaɗa jikin makanar sassaƙar da katako da sandunan ƙarfe, saura abin da zai motsa ta. To ga shi. Akwai moto uku, da akwatin wuta mai volt ashirin da huɗu, da koren allon nan da ake cewa burda. Ita ce ke karɓar umarni daga kwamfutarki ta gaya wa kowane moto inda zai kai bakin sassaƙa, dama ko hagu, gaba ko baya, sama ko ƙasa. Ƙananan abubuwa ukun da na naɗe a auduga su ne direbobi. Kowane moto da nasa, a kan burda ake dasa su.

A gefen burda za ki ga ramuka uku masu sukuru, ta nan wuta ke shiga. Na zana miki komai a bayan takardar nan, na sa lamba a kan kowace waya. Ki bi lambobin, kada ki yi kirdado. Kada kuma ki zare wayar moto alhali wuta na kunne.

Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki kira ni a waya kan wannan aiki. Maganar kahraba, wato lantarki, ba a yin ta da baki. Ki rubuta tambayarki a takarda, in kin shiga Rufa'a inda shabakar intanet ke kamawa ki ɗauki hotonta ki turo. Ni ma haka zan amsa.

Malamar kimiyya ba za ta kasa wannan ba. Allah ya yi albarka.

Kawunki,
Osman

*

Hillat Dabo, 14 ga Sha'aban

Zuwa ga Kawu Bashmuhandis, babban injiniya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Iya ta ce gishirin an rage, amma shayi ba a taɓa shi ba. Baba yana gaishe ka. Hannun dai yana nan yadda ka sani. Allah ya sauƙaƙa gwiwa.

Kwali ya iso, ba abin da ya fashe. Mun gode, Allah ya ƙara buɗi.

Makana ta tashi. Ga hoton aikin farko nan, allon sunan makarantarmu ta 'yan mata, wanda aka kafa ranar da aka sake buɗe ta. Mutane sun yaba, an ambaci sunanka a gaban iyaye.

Ina da tambaya ɗaya, don ƙarin sani kawai. A ce wani ya sa jar waya a ramin da ba nata ba, burdar ce gaba ɗaya ke mutuwa, ko direbobin kaɗai? Wata ɗaliba ce ta tambaye ni.

Ka yafe gajartar takardar, aikin makaranta ya yi yawa.

Ɗiyarka,
Ruqaya

*

Hillat Dabo, 6 ga Shawwal

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da salla. Iya ta yi azuminta duka ba ta sha ko ɗaya ba. Baba ma lafiya, sai dai ya rame. Ina fatan gwiwa ta bar ka ka yi tarawihi a tsaye.

Yau kwana hamsin da ɗaya ban ga amsarka ba. Sau huɗu ina shiga Rufa'a don ita kaɗai. Ka kira Iya ranar salla, kun gaisa, ba ka ce a ba ni ba. Na gane. Injiniya irinka kallo ɗaya zai yi wa hoton nan ya san abin da ke ciki. Tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa da bakina.

Kawu, makana ba ta taɓa motsi ba. Na ƙone ta.

Ranar wata Alhamis ce, na dawo daga makaranta da azahar, rana ta cika batirin sola. Baba ya tafi bakin kogi duba albasa. Da ma na so in yi ni kaɗai, ya dawo ya tarar tana tafiya. Na dasa direbobi, na haɗa moto uku, na sa baƙar waya a rami na ɗaya, jar waya a na biyu, kamar yadda na karanta a zanenka. Ina kunnawa sai na ji ɗas, wani siririn hayaƙi ya tashi, warsha ta ɗauki ƙauri kamar an ƙona gashi. Na kashe, amma aikin gama ya gama.

Na koma kan zanen. Lanƙwasar takarda ta bi ta tsakiyar lambar jar waya daidai. Ka san biyun Larabci da ukunsa haƙori ɗaya ne tsakaninsu. Da na miƙar da takardar na ƙura ido, sai na ga kamar haƙora uku ne. Uku ka rubuta, ni na karanta biyu saboda gaggawa. Na ɗauko tsohon tob ɗin Iya, mayafinta, na lulluɓe makanar.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma tun kafin kwali ya iso na riga na cika baki a gaban mudirarmu, shugabar makaranta Ustaza Ibtisam, cewa makana ce za ta yi allon makaranta. Saura kwana goma sha biyu a buɗe. Sai na ɗauki katakon maɗaci na kai wa Baba, na ce makana tana bukatar daidaitawa, ya taimaka da wannan ɗaya. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗauki azmil, ƙarfensa na sassaƙa, da guduma.

Kwana tara ya yi a kai. Ka san hannun. Sai ya danne gwiwar hannu a kan benci, ya jira rawar ta lafa, ya buga sau ɗaya, ya sake jira. A rana ta shida azmil ya goce ya tsaga masa babban yatsa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba.

Ranar buɗewa iyaye sun cika fili. Mudira ta yaye ƙyallen da ke kan allon, ta ce wannan aikin makana ne da Bashmuhandis Osman ya aiko daga Jidda, Ustaza Ruqaya ta haɗa da hannunta. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa. Ina tsaye kusa da ita. Kalma biyu sun isa, amma harshena ya yi nauyi, na yi murmushi. Baba yana layin gaba da jallabiyarsa ta Juma'a. Tsoho Mati, wanda suka yi karatun allo tare, ya dafa kafaɗarsa, ina ji da kunnena.

"Sambo, zamaninku ya wuce. Dubi yadda makana ke fitar da harafi sumul."

Baba ya ɓoye yatsan a aljihu ya ce, "Ƙwarai kuwa."

Bayan haka ne na ɗauki hoton na turo maka. Tambayar da na ce ta ɗaliba ce, tawa ce.

Yanzu mutane suna ta kawo katako, kowa yana son ƙofar makana a madadin wadda aka ɗauke masa. Ina ce musu wutar sola ba ta isa. Baba ya rage shiga warsha. Duk azumin nan tare muka sha ruwa, ina miƙa masa abin sha ba na iya kallon fuskarsa.

Ba na roƙon wata burda. Ka yi mini faɗa kawai, Kawu. Shirun ya fi mini ciwo.

Ruqaya

*

Jidda, 19 ga Shawwal

Ɗiyata Ruqaya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiyata ƙalau, gwiwa ta yi dama. Ki gaida na gida. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ba ki yi kuskure ba. Biyu na rubuta. Kwafin farko na zanen yana gabana yanzu, ba lanƙwasa a jikinsa, haƙora biyu ne. Kin bi abin da kawunki ya ce, shi ya ƙona miki burda.

Ba ni na tsara zanen ba. Muzammil ne ya yi shi, wani mutumin Kamlin da ke kula da makanonin warshar da nake. Ya zana mini a bayan kwali, ni kuma na kwafa da hannuna a takarda mai kyau don ki ɗauka nawa ne. A wajen kwafar na mai da uku biyu, ban kuma gane ba, domin ban san abin da nake kwafa ba.

Ni ba injiniya ba ne, Ruqaya. Ban taɓa zama ba. Shekara goma sha tara ina warshar nan ta masu yin alluna. Ni ke share garin katako, ni ke sauke kaya daga mota, ni ke dafa shayi. Na san kukan kowace makana, in bakinta ya dakushe ina ji tun daga ƙofa, amma ban taɓa ɗaura waya ɗaya ba. Shi ya sa na hana ki kira na. Da kin yi mini tambaya baki da baki da asirina ya tonu. A takarda kuwa ina da lokacin kai wa Muzammil.

Ba da niyya abin ya fara ba. Shekarar farko na aiko hotona ina tsaye kusa da wata makana da shuɗin kayan aiki. Uwarki ta zaga da shi gida gida. Da na zo hutu, tun a tashar Rufa'a aka tarbe ni da Bashmuhandis. Na ga yadda fuskar Fatsuma ta yi haske, ita da ta raine ni bayan rasuwar innarmu, sai na ce gobe zan gyara. Goben ce har yau. Duk hutun da na zo, in famfon wani ya lalace aka zo nemana, sai in ce kaina na ciwo, ko kayan aikina suna Jidda.

Da hotonki ya zo na yi murna har na nuna wa Muzammil. Ya buɗe shi da yatsu, ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ba aikin makana ba ne, hannu ne, hannun gwani kuwa. Ya nuna mini sawun azmil a cikin haruffa. Da ya karanta tambayarki sai ya ce in kawo kwafin abin da na aika. Ya ajiye shi kusa da nasa, ya ɗora yatsa a kan lambar. Sannan ya koma aikinsa.

Tun ranar na san burda ta ƙone, na san laifin wa ne. Sau bakwai ina fara takarda ina yagewa. Zuciya ta riƙa ce mini, tun da yarinya ta ce ta tashi, ka bar ta a tashe. Ranar salla ina jin muryarki a bayan uwarki, na kasa cewa a ba ki. Kin ɗauka fushi ne. Tsoro ne. Na bar ki wata biyu ɗauke da kayan da ba naki ba, har ya kai ga yatsan Sambo. Wannan ya fi tsintsiya ba ni kunya.

Na samo wata burda da direbobi, da mitar gwada wuta. Samira matar Muzammil za ta tafi Kamlin mako mai zuwa, za ta aiko miki Rufa'a. Zanen da ke ciki na hannun Muzammil ne, ban taɓa shi ba. Ya ce in gaya miki ko nasa kada ki yarda da shi sai kin gwada da mita.

Saura abu mai wuya. Fatsuma ba ta karatu, ni kuma na gwada a waya bakina ya ƙi. Ki karanta mata takardar nan duka, kada ki tsallake layi. Kuma daga yau ki daina rubuta mini wancan suna.

Ki yafe mini in kin iya.

Osman

*

Hillat Dabo, 27 ga Zulƙida

Kawu Osman,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Zafi ya tsananta, kogi ya ja baya sosai. Jinin Iya ya ɗan hau makon jiya, ya sauka. Yatsan Baba ya warke, farcen ne dai ya fito a karkace. Ka gaida Muzammil, ka yi masa godiya. Saƙo ya iso.

Na jinkirta amsa da gangan, ba zan ɓoye maka ba. Na karanta takardarka a gindin bishiya gaban kantin shabaka a Rufa'a, na yi fushin da ban taɓa yi da babba ba. Na tuna duk yadda na riƙa miƙar da takardar nan ina ƙirga haƙoran lamba, har idona ya ƙirƙiro na uku, don kawai ba zai yiwu Kawu ya yi kuskure ba. Kwana uku ina haka. Sai na tambayi kaina, wayar dai kai ka sa ni, to murmushin gaban iyaye fa, wa ya sa ni? Na san yadda harshe ke nauyi in ana yabon mutum. Na ɗanɗana na safiya ɗaya. Na yafe, Kawu. Ni ma ka yafe ƙaryar da na yi maka.

Da Baba na fara. Na same shi yana fere ƙafar gadon angarib a inuwa, na durƙusa na faɗa masa komai nawa. Bai daina fere ba sai da na gama.

"Na ji ƙaurin tun daga ƙofa ranar," in ji shi. "Na jira ki kira ni mu duba tare, sai kika kawo mini katako."

Sai ya ce in je in yaye tob ɗin uwata daga kan makana, ƙura na cin sa.

Washegari na je wurin mudira. Ta so a bar maganar a ofis, na roƙe ta ta bar ni in yi ta a taburin safe, inda ɗalibai ke jeruwa, tun da a fili aka yi kuskuren. Na tsaya gaban 'yan mata ɗari da wani abu na ce allon da ke bakin ƙofa ba makana ta yi shi ba, Sambo kafinta ne, da hannunsa, kwana tara, kuma malamarsu ta san haka ta yi shiru. Na faɗa da Larabci, na maimaita da Hausa don ya isa gidaje yadda yake. Har yau Ustaza Ibtisam gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban ga laifinta ba, ita aka sa ta faɗi abin da ba haka ba. Tsoho Mati ya zo da yamma ya zauna a warsha ya sha gahawar jabana kofi uku. Da zai tafi ya ce ƙofarsa ta hannu yake so.

Burda kuwa, ni da Baba muka haɗa ta ranar Asabar da hantsi. Kafin in ɗaura ko waya ɗaya na kunna akwatin wuta shi kaɗai na gwada da mita, na tabbatar wace ce ja a gaske. Na bi ramukan burda ɗaya bayan ɗaya. Na uku ne. Wayoyin kowane moto huɗu ne, biyu biyu suke tafiya, kuma launinsu bai dace da zanen ba. Muzammil ya rubuta dabara, a haɗa bakin waya biyu a murza sandar moto, in ta yi tauri to 'yan gida ɗaya ne. Ni na kasa jin bambancin. Baba ya karɓa, ya rufe ido ya murza, ya ce waɗannan ne. Haka ya ware duka ukun, mita kuma ta gaskata shi.

Da zan kunna sai da na ce ya matsa baya. Ya ƙi. Na danna. Ba hayaƙi, sai ƙaramar fitila ja da wani ɗan kuka siriri daga moto. Na ba ta umarnin tafiya dama santimita ɗaya, ta tafi hagu santimita biyu. Baba ya auna da rularsa ya ce wannan makana ɗiyar wani ce mai taurin kai. Na kashe wuta, na juya wayoyi biyu, na gyara lissafin taku a kwamfuta. Moton sama da ƙasa ya riƙa zafi, na rage masa wuta da ɗan sukurun da ke kan direba. Kafin la'asar ta yanka mana murabba'i a guntun katako, kusurwa huɗu daidai. Makunnan iyaka, masu tsayar da makana in ta kai ƙarshen hanya, su ne ban gama ba, ɗaya yana tsayar da ita ba dalili. Na rubuta tambayar a wata takarda daban, ka miƙa wa Muzammil a fili, ba sai ka kwafa ba.

Takardarka ta kwana goma sha ɗaya a wayata kafin in iya karanta wa Iya. Na same ta tana tsince wake bayan azahar. Na karanta duka, ban tsallake ba. Da na kai wurin shayi da tsintsiya hannunta ya tsaya a cikin tire. Da na gama ta ce in sake karanta inda ka ce kanka na ciwo. Na sake. Ta ɗauki tirenta ta shiga ɗaki.

Kwana biyu ba ta tada maganar ba, ni ma ban tada ba. Yau da safe ta ga ina rubutu, ta jawo kujera ta ce in bar mata wuri a ƙasa, in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara mata Hausa. Ga shi.

"Osman ƙanena. An karanta mini. Na yi kuka, amma ba don shara ba, ubanmu ma bayan shanun mutane ya bi har ya mutu. Na yi kuka ne don duk zuwan da kake yi ina dafa maka maganin ciwon kai, kana sha, ashe ba kan ba ne. Ni na ɗora maka sunan, ban tambaye ka ba, ni zan sauke shi, na riga na fara daga gidan Mati. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu ya gama kafin ka iso. Ka nemi hutu ka zo bana. Kada ka sayo wa kowa komai. Ka zo ka zauna a tabarmata ka ba ni labarin shekara goma sha taran nan tun daga farko, don ni ban san inda ƙanena ya kasance ba."

Ta ce in karanta mata abin da na rubuta. Na karanta, ta ce haka ne, in tura.

Ɗiyarka,
Ruqaya